Tsarabar Bakin Boda: Gubar Dalma a Kayan Wasan Yaranmu



Saƙonmu na yau ba na haɗin magani ba ne. Babu jiƙo, babu abin da za a daka a sha da zuma. Magana ce a kan abin da muke saya da kuɗinmu, mu miƙa wa yaro da hannunmu, yana murna muna murna: motar roba, 'yar tsana, usur, bindigar ruwa, kacau-kacau na jarirai, tabarau da agogon Sallah, da sarƙoƙi da 'yan kunnen wasa na 'yan mata. Iyaye da dama suna tambaya ko gaskiya ne akwai guba a irin waɗannan kaya. To amsar ita ce, a wasu akwai, a wasu babu, kuma ido ba ya rabewa. Ku daure ku karanta har ƙarshe, don akwai abin da in ya faru ba ya jiran safiya.

*Ta ina kayan nan suke zuwa?*

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya. Nan ne shingen Najeriya, ka wuce ka isa Ɗan Isa a ƙasar Nijar, daga nan sai Maraɗi. Shekara da shekaru an yi ta sauke kwantenoni a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, a ɗora su a manyan motoci zuwa rumbunan ajiya na Maraɗi, daga can kuma a rarraba kayan su gangaro Katsina da Kano. Kayan wasan yara yawanci daga Sin suke tasowa, daga kasuwanni irin su Yiwu da Gwanzu inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari. Wasu kuma gwanjo ne daga Turai, ana sayar da su a buhu, tsofaffi da sababbi a cakuɗe.

A ƙa'ida, kayan wasa na cikin kayan da hukumar SON ke neman takardar shaidar inganci ta SONCAP kafin a shigo da su Najeriya. Wannan a ƙa'ida ke nan. Amma ku tuna, an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. A duk tsawon wannan lokaci, akwai wanda ya je kasuwa ran jajibirin Sallah ya rasa motar roba? Kaya bai daina shigowa ba, hanya kawai ya sauya, ya bi ta daji a bayan babur. Abin da ya shigo a haka kuwa babu wanda ya nemi takardarsa. Ko wanda ya bi ta ƙofa ma, jami'in kwastan haraji yake dubawa da haramtattun kaya, shinkafa, makamai, ƙwayoyi. Dalmar da ke cikin fenti ba a ganinta ta hanyar buɗe kwali, sai da na'ura.

Kada wani ya ɗauka muna cewa duk kayan Sin guba ne, ko kuma laifin 'yan uwanmu na Nijar ne. A'a. Kayan wasa mafi tsada da ake sayarwa a Ingila da Amurka su ma a Sin ake ƙera yawancinsu. Bambancin shi ne masana'anta na yi maka daidai kuɗinka. Wanda ya je ya ce a yi masa mafi araha, kuma ya san babu mai gwadawa a ƙasarsa, za a yi masa da fenti mafi araha da roba mafi araha. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

*Me ya kai dalma cikin abin wasa?*

Hanya biyu ce. Ta farko fenti. Ana sa dalma a fenti don launi ya fito rau, musamman rawaya da ruwan lemo da ja, ya bushe da wuri, ya daɗe bai koɗe ba. Ta biyu ita kanta robar. Akwai roba mai laushi da ake kira PVC, irin ta 'yar tsana mai lanƙwasa da ƙwallon da ake hurawa. Wasu masana'antu na zuba mata sinadarin dalma ko na kadmiyam don kada zafi ya lalata ta. Sannan sarƙoƙi da zobban wasa masu nauyi a hannu amma kuɗinsu bai kai na biredi ba, sau da yawa nauyin nan na dalma ne.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A shekarar 2010 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa sakamakon gwajin kayan wasan roba da suka saya a kasuwannin Zariya da Kano da Kaduna. Sun samu dalma da kadmiyam a cikinsu, wasu fiye da ƙima nesa ba kusa ba, kuma na robar PVC su suka fi. Kasuwannin nan kuwa su ne dai masu ba ƙauyukanmu kaya.

Hatta ƙasashen da ke da tsauraran dokoki abin ya taɓa cin su. A watan Agustan 2007 kamfanin Mattel, ɗaya daga cikin manyan masu kayan wasa a duniya, ya janye kusan guda miliyan ɗaya daga kasuwar Amurka saboda fenti mai dalma. Shekara guda kafin nan, a 2006, wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu a birnin Minneapolis bayan ya haɗiye ɗan abin ado na ƙarfe da aka ba da kyauta cikin kwalin takalmi. Da aka gwada, kusan zallar dalma ce. Bayan waɗannan ne Amurka ta yi doka a 2008, ta mayar da iyakar dalma a fentin kayan yara kashi 90 cikin miliyan. To in can da ake gwaji haka ta faru, ina ga kayan da ya ƙetaro a bayan babur? Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai.

*Mu mun san dalma, mun binne 'ya'ya saboda ita*

Mutanen Katsina ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, maƙwabtanmu ne abin ya faɗa wa. A farkon 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, daga baya Bagega. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. An yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Ashe duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga, ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne.

Gaskiyar magana, abin wasa ba zai yi irin wannan kisan kiyashi ba. Dalmar da ke cikinsa ba ta kai ta dutsen zinare ba, in ba yaro ya haɗiye curin ƙarfen ba. Amma haɗarinsa wani iri ne, na ɓoye. Kaɗan-kaɗan ne, kullum, ba jijjiga ba suma, babu abin da zai sa a ruga asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Abin da take ci ƙwaƙwalwa ce, lokacin da take kan ginuwa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Sai yaro ya shiga makarantar allo, sa'o'insa sun wanke sun wuce shi yana nan a wuri ɗaya, ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama, ga saurin fushi. Mu kuma mu ce daƙiƙi ne, ko mu ce taurin kai, malam ya ƙara masa bulala. Ba kowane yaro mai nauyin karatu ne dalma ta taɓa ba, kada a fahimce mu a karkace. Amma a rahoton da UNICEF ta fitar a 2020, kimanin yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, na da dalma a jini da ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita, wato matakin da likitoci ke cewa a tashi a nemo inda take shiga.

Abin da ya sa yara suka fi shiga haɗari a fili yake. Ke uwargida kin fi kowa sani, daga wata shida zuwa shekara uku duk abin da yaro ya ɗauka baki yake kaiwa. Hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa. In cikinsa babu abinci, ko yana da ƙarancin jini, tsotsar ta fi yawa, domin jiki yana ɗaukar dalma ne a zaton kalsiyam ce ko sinadarin ƙarfen jini. Daga jini ta wuce ta kwanta a ƙashi da haƙora shekaru aru-aru. Yarinyar da ta tara ta tana ƙarama, ranar da ta girma ta samu juna biyu, ƙashin na iya sakinta ta isa ga ɗan da ke ciki. Wani abin takaici kuma, ɓawon fenti mai dalma yana da ɗan zaƙi-zaƙi a harshe, shi ya sa yaro ke komawa ya ƙara gwaguya.

*To me za a saya, me za a bari?*

Da farko dai, Musulunci bai hana yaro wasa ba. Uwar Muminai Nana A'isha (RA) tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), har da wani doki mai fukafukai, bai hana ta ba. Don haka ba cewa muke a ƙwace wa yara komai a bar su suna kallon bango ba.

Ka fi sa ido a kan abin da aka yi shi don baki: usur, sarewar roba, balan-balan, abin cizon haƙori na masu fitar da haƙora, kacau-kacau. Waɗannan in ba ka amince da inda suka fito ba, ka haƙura. Ka sa farce ka ɗan kankari fentin tun a gaban mai kaya. In ya ɓare ko ya bar launi a yatsanka, ajiye masa abinsa. Wannan ba gwajin dalma ba ne, fenti na iya kamawa gam kuma da dalmar a ciki, amma wanda ke ɓarewa shi ne zai fi saurin isa cikin yaro. Ka shinshina. Roba mai warin kalanzir ko warin taya a bar ta, mai danƙo-danƙo a hannu kuma tana iya ɗauke da sinadaran tausasa roba da Tarayyar Turai ta hana sawa a kayan da jarirai ke tsotsa tun 1999. Baƙar roba mai arha ita ma a yi hattara, sau da yawa daga narkakkun kwankwason tsofaffin talabijin da kwamfuta ake yin ta. Sarƙar wasa ta ƙarfe da zobe kam, kada a ba yaron da bai daina kai abu baki ba, ko kyauta aka ba ku.

Tambarin CE da kuke gani a jikin kwali ba hujja ba ce, mai buga kwali na iya buga shi. Amma kayan da babu sunan kamfani, babu adireshi, babu shekarun yaron da ya dace da shi, wannan ya riga ya gaya maka babu mai ɗaukar alhakinsa. Na gwanjo kuma, kasancewarsa daga Turai ba ya wanke shi. Wani an ƙera shi tun kafin dokokin su zo, can an hana sayar da shi, shi ya sa ya biyo buhu.

Ni a ganina guda ɗaya mai kyau ya fi leda cike da tarkace. Kuma wallahi motar karan dawa da muka taso muna ƙerawa, da 'yar tsanar tsumma da kaka ke ɗinkawa, da ƙoƙo da ludayin duma, sun fi yawancin kayan nan aminci. Sai dai a kula da motar gwangwani: kada a yi ta da gwangwanin fenti, kuma kada a bar yara su fasa tsohon batir don neman taya ko baƙin ciki.

Abin da kuka yanke shawarar rabuwa da shi, kada a ƙona. Mun san al'adar hura gawayi da guntun roba, to hayaƙin nan ya fi tsotsar muni, kuma tokar na nan a murhu. Kada kuma a ce bari a ba almajiri ko ɗan maƙwabta sadaka. Abin da ka ƙi wa ɗanka don cutarwa ba ya zama sadaka a hannun ɗan wani. A ƙulle a leda a kai bolar da yara ba sa tono.

Ku kuma 'yan uwa masu sari, na Jibiya da Katsina da Kano da Maraɗi, kuna cikin wannan zaure kuma mun san ba da gangan kuke yi ba. Kun san ƙissar da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan ɓoye aibi. Wancan aibin hannu na iya taɓa shi, wannan kuwa ko kai mai kayan ba ka gani. Amma yanzu ka ji. Masana'antun da ke sayar wa Turai suna da takardar gwaji, in ka tambaya za a nuna maka, kuɗin ne zai ɗan ƙaru. Ka tambaya.

*Maganar kwalli*

Ba zai yiwu mu yi zancen dalma a zauren maganin Musulunci mu tsallake wannan ba, ko da zai sosa wa wasu rai. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da sa tozalin ismid, babu jayayya. Tambayar ita ce, dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, mene ne shi? Gwaje-gwaje a ƙasashe da yawa sun nuna galibinsa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan 'yan Najeriya. Aka bincika gidan kaf ba a ga komai ba, sai kwallin da aka kai musu tsaraba daga gida ana sa masa a ido. Da aka gwada, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan. Sunna ba ta ce a sa wa jariri guba ba, kuma rubuta "ismid" a jikin kwalba ba ya canza abin da ke cikinta. Shawararmu, a daina ranbaɗa wa jarirai da ƙananan yara kwallin dutse, mai ciki da mai shayarwa su ma su dakata.

Maigida mai gyaran batir, mai walda, mai fentin mota, da mai zuwa haƙar zinare, kai ma kana iya shigo da ita a riga da takalmi. Ka cire kayan aiki a waje, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro, kuma kada a haɗa wankinsu da na yara.

*Abin da zuma ke yi da abin da ba ta yi*

Za mu faɗa ƙarara: zuma, habbatus sauda, man zaitun, madara, gawayi, babu ɗayansu da ke fitar da dalma daga jini. Duk wanda ya ce yana da haɗin wanke dalma, kuɗinku yake so. Abin da abinci ke yi shi ne rage tsotsa. Yaron da ya ƙoshi da wake, zogale, alayyafo, hanta, kifi, ƙwai da nono, ya samu gwaba ko lemo ko kunun ƙwalba a kai, hanjinsa ba ya karɓar dalma kamar na mai yunwa. Kada a bar yaro ya fita wasa da safe cikinsa wayam. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci, a wanke kayan wasansa, a yayyafa ruwa kafin shara.

In kuwa yaro na yawan ciwon ciki da taurin bayan gida, ya ɗashe, ya daina cin abinci, ko ya koma baya a magana da tafiya bayan ya fara, a kai shi asibiti a ambaci dalma da baki, domin alamunta na kama da na wasu cututtuka kuma likita ba lalle ya kawo ta a ransa ba. A tafi da abin wasan ko kwallin da ake zargi. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa, kuma akwai maganin da ke janyo ta daga jini, irin wanda aka ba dubban yara a Zamfara, amma likita ne ke ba da shi bayan an raba yaron da inda yake samunta. In jijjiga ce ko suma, a yi addu'a a hanya, kada a tsaya turare da hayaƙi ana cewa iska ce.

Wuri ɗaya ne zuma ke da aiki na gaggawa, kuma shi ne abin da muka ce ba ya jiran safiya. Motoci masu wuta da waƙa, da takalma masu walƙiya, da ƙananan tocila, suna ɗauke da ɗan batir mai faɗi kamar kwabo. A kayan arha murfinsa ba shi da kusa, yaro na buɗewa da farce. In ya haɗiye ya maƙale a hanyar abinci, cikin awa 2 yana iya ƙona ta. Idan yaron ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 ba, a ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10, har sau 6, ana tafe a hanyar asibiti. Zumar na lulluɓe batirin ne ta rage ƙunar kafin a ciro shi, ba ta fitar da shi. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma, a wuce da shi kawai. Kada a sa yaro amai, kada a ba shi tuwo wai ya tura. Haka in ƙananan maganaɗisu ya haɗiye fiye da ɗaya, suna manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, ko da yaron na wasansa lafiya lau a ranar farko. Daga Jibiya ne ko daga ƙauye, a nufi babban asibiti mafi kusa inda za a ɗauki hoton ƙirji da ciki, a gaya musu abin da ya haɗiya da ƙarfe nawa ya haɗiye shi.